Minti 75 ko mikrosakan 3.5? Yadda ake auna tsawon ran oksijin singilet

Tambaya: Malam, ina nazarin sinadaran da ke aiki da haske. Na karanta cewa ƙwayar oksijin da aka ɗora wa kuzari, wadda ake kira singilet, tana fin awa guda kafin ta koma yadda take. A wani wurin kuma an ce mikrosakan uku da rabi kacal take yi. Wanne ne gaskiya, kuma ta yaya ake auna abin da ido ba ya gani? Muna da leza mai gajeren bugu a ɗakin gwajinmu, ina so in san ko za mu iya.

Amsa: Ɗan'uwa, duka alƙaluman biyu daidai ne. Ƙwayar oksijin singilet da take ita kaɗai, babu abin da za ta yi karo da shi, tana kai kusan minti 75 kafin ta saki kuzarinta a matsayin haske. Ita dai wannan ƙwayar, ka sa ta cikin ruwa, mikrosakan 3.5 ta gama (mikrosakan shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na sakan). Tazarar da ke tsakani ta haura ninki biliyan guda. Saboda haka tun yanzu ka cire wa ranka cewa akwai adadi guda da ake kira tsawon ran oksijin singilet. Adadin na wurin da ƙwayar take ne. Duk wanda ya auna shi, maƙwabtanta ya auna: me take karo da shi, sau nawa, kuma wanne ne cikinsu ke iya karɓar kuzarin da take ɗauke da shi. Daga nan tsarin gwajin ya samo asali, daga nan kuma yawancin kurakuran da ake tafkawa a cikinsa suke fitowa.

Oksijin da muke shaƙa ya sha bamban da yawancin sinadarai. A mafi yawan ƙwayoyi, ilektoron suna zaune biyu-biyu, kowanne da abokinsa mai juyi kishiyar nasa. Shi kuwa O₂ yana da ilektoron biyu marasa abokai, masu juyi ta fuska ɗaya. Wannan yanayin ake kira tirifilet, kuma shi ya sa idan aka sanyaya oksijin har ya zama ruwa, maganaɗisu ke riƙe shi. In aka ƙara masa kuzari har juyin ilektoron ɗaya ya kife, sai ya hau ɗaya daga matakai biyu na singilet, waɗanda Robert Mulliken ya yi hasashensu a 1928. Matakin ƙasa, a¹Δg, ya ɗara zaman hutu da kilojul 94 a kowane mol, kuma idan ya sauka ta hanyar haske yana fitar da shi a nanomita 1270, can cikin infirared inda ido ba ya kaiwa. Matakin sama, b¹Σg⁺, yana da kilojul 157, haskensa a nanomita 762. Na saman nan, in shi kaɗai ne, yakan yi sakan 12, amma a cikin ruwaye ba ya kai mikrosakan guda yake faɗowa kan na ƙasa. Shi ya sa idan masana sinadarai ko likitoci suka ce oksijin singilet, na ƙasan suke nufi.

Dalilin jinkirin minti 75 shi ne, kafin ƙwayar ta koma tirifilet ta hanyar fitar da haske, dole juyin ilektoron ya sake kifewa, fasalin zagayensu kuma ya sauya ta hanyoyin da ƙa'idojin kwantum suka kusan toshewa. Tunda hanyar haske tana da wannan nawar, duk wata hanya da ta samu sai ta riga ta.

Abin da ake kira tsawon rai, wanda ake rubutawa da τ, shi ne lokacin da yawan ƙwayoyin ke ɗauka kafin ya ragu zuwa kashi 37 cikin 100 na yadda ya fara. Amma ina ba ka shawara ka saba da yin tunani da 1/τ, wato saurin ɓacewa, domin shi ne ake iya tarawa. Saurin fitar da haske, da saurin miƙa kuzari ga ruwan da ke kewaye, da saurin da wani sinadari da ka zuba ke ƙwacewa, duk haɗa su ake yi su ba da 1/τ guda. Wanda ya fi girma shi ke mulki. A cikin ruwa, saurin miƙa kuzari ga ruwan ya kai kusan 290,000 a sakan, na haske kuwa bai kai 1 a sakan ba. Ka ga ke nan cikin ƙwayoyi miliyan guda da ka samar, da ƙyar ɗaya za ta ba ka foton, wato ɗigon haske guda. Da wannan ɗan abin za ka yi awo.

To me ya sa ruwa ya fi sauran kashe shi? Kuzarin da ƙwayar ke ɗauke da shi, a ma'aunin masu nazarin haske, kusan 7880 cm⁻¹ ne. Idan ba ta fitar da shi a matsayin haske ba, dole ta zuba shi cikin karkarwar mahaɗan ƙwayoyin da ke maƙwabtaka da ita, kuma a karo guda. Kamar kaya ne mai nauyi da ake son saukewa lokaci ɗaya: ƙarti biyu ko uku sun isa, amma in yara ne sai an tara goma sun kama a tare, abin da ba kasafai yake dacewa ba. Mahaɗin O–H na ruwa yana karkarwa a wajen 3500 cm⁻¹, biyu da ɗan ƙari sun ɗauke kayan. Mahaɗin C–H yana wajen 3000. Idan aka maye haidirojin da diyuteriyam mai nauyi, O–D ya sauko wajen 2500, sai an haɗa uku. Mahaɗin C–Cl bai kai 800 ba, sai kusan goma. Alƙaluman τ da aka auna sun bi wannan tsari a dunƙule: ruwa 3.5, metanol wajen 10, etanol wajen 15, toluwin wajen 30, ruwa mai nauyi D₂O wajen 68, asetonaitiril wajen 80, kulorofom sama da 200, duk a mikrosakan. A CCl₄, inda babu haidirojin ko ɗaya, ana maganar gomman milisakan.

Yanzu ga yadda ake awon a cikin ruwaye, wanda shi ne lezarku za ta yi wa amfani. Haskaka oksijin kai tsaye ba ya samar da singilet mai yawa, domin nawar da ke hana shi fitar da haske ita ce ke hana shi sha. Sai a bi ta hannun rini. Ƙwayar rinin ta sha hasken leza, ta koma nata tirifilet ɗin, ta yi karo da O₂, ta miƙa masa kuzarin. Hans Kautsky ne ya nuna alamar haka a Jamus tun 1931, da ya ɗora rini a kan wasu ƙwayoyin silika, ya ɗora sinadarin da za a lalata a kan wasu daban, kuma aikin ya faru duk da ba su taɓa juna ba, matuƙar akwai oksijin a tsakani. Rinin da aka saba amfani da su su ne Rose Bengal, wanda ke ba da singilet kusan uku daga kowane foton huɗu da ya sha a cikin ruwa, da metilin bulu mai ba da kusan rabi, da fenalenon wanda ke ba da kusan ɗaya bisa ɗaya a yawancin ruwaye.

A kan teburin gwaji, za ka zuba ruwan rinin a 'yar kwalbar kwaz mai faɗin santimita guda, ka tsarma shi har shan haskensa a zangon lezar ya tsaya wajen 0.1 zuwa 0.3. Idan lezar Nd:YAG ce, zangon nanomita 532 ya dace da Rose Bengal, 355 kuma da fenalenon. Bugunta na 'yan nanosakan ne, don haka ta fuskar abin da kake aunawa, kamar a take aka kunna komai. Na'urar gano hasken tana gefe, a kusurwar digiri 90 da hanyar lezar, don kada hasken ya faɗa mata kai tsaye. A gabanta akwai faifan silikon mai tare duk hasken da ido ke gani, sannan matacin haske mai barin kewayen 1270 kaɗai ya wuce. Ka kula da abu guda a nan: asalin hasken Nd:YAG a 1064 yake, kuma ɗan abin da ya tsere daga cikinsa ya fi siginar da kake nema ƙarfi nesa ba kusa ba, silikon kuma ba ya tare shi sosai. A tace shi tun daga bakin lezar. Sai a yi ta bugawa ana tara sakamakon, ɗaruruwa ko dubbai, har layin ya fito daga cikin hargitsin na'ura.

Na'urar gano hasken ita ce ta daɗe tana riƙe wannan fanni. Alexander Krasnovsky ya ga hasken 1270 daga cikin ruwan sinadari a Mosko a 1976, Ahsan Khan da Michael Kasha suka biyo baya a Amurka a 1979. A farkon shekarun 1980 aka fara bin dusashewar hasken a kan lokaci da na'urar jamaniyam, kuma a 1982 Rodgers da Snowden suka auna shi cikin ruwa suka samu kusan mikrosakan 4. Jamaniyam mai jin ƙaramin haske sai an sanyaya shi da ruwan naitirojin, kuma yana da nawar amsawa, wani lokaci har kusan mikrosakan guda. Ga toluwin ko D₂O wannan ba komai ba ne, ga ruwa kuwa ya ci wani babban yanki na abin da kake son gani. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka samu bututun ninka haske mai jin infirared, irin na kamfanin Hamamatsu, wanda ke ƙirga foton ɗaya-ɗaya cikin nanosakan. Shi ya mayar da awo cikin ruwa da cikin ƙwayoyin halitta abin yi.

Ga inda gizo ke saƙa. Layin da za ka gani a allo ba faɗuwa kawai yake yi ba. Yana tashi daga sifili, ya kai ƙololuwa, sannan ya sauka, domin ana haifar singilet a hankali yayin da tirifilet ɗin rinin ke mutuwa. Lissafinsa shi ne:

S(t) = A × [τΔ/(τΔ − τT)] × [exp(−t/τΔ) − exp(−t/τT)]

inda τΔ yake tsawon ran oksijin singilet, τT kuma na tirifilet ɗin rini. Ka dubi lissafin da kyau: in ka musanya lokutan biyu, siffar layin ba ta sauyawa, tsayinsa kaɗai ke sauyawa. Tashin layin koyaushe na wanda ya fi gajarta ne, saukarsa kuma na wanda ya fi tsawo, ko wanne ne. Layin ba zai gaya maka wanne ne na oksijin ba. A toluwin babu matsala, tirifilet yana mutuwa cikin ƙasa da mikrosakan guda, singilet ya yi 30, saukar tasa ce. A ruwan da ya sha iskar ɗaki kuwa, oksijin da ke narke bai wuce milimola 0.27 ba, tirifilet yana yin kusan mikrosakan 2, singilet 3.5. Sun yi kusa da juna, dole a daidaita lissafin da layin gaba ɗayansa, ba wutsiyarsa kaɗai ba. Idan kuma rinin ya maƙale a jikin furotin, ko ruwan yana da kauri, oksijin yana wahalar isa gare shi, tirifilet ya yi gomman mikrosakan, sai lamarin ya juye: wutsiyar da kake gani ta rinin ce, ran oksijin yana ɓoye a cikin tashin layin. Mutum zai iya auna wannan wutsiyar da matuƙar ƙwarewa, ya ba da rahoton adadi mai tsafta, alhali ba abin da yake nufin aunawa ba ne.

Maganin abin shi ne ka taɓa ɗaya ka bar ɗaya. Hura tsantsar oksijin cikin ruwan: yawansa zai ninka kusan sau biyar, τT ya faɗo wajen mikrosakan 0.4, τΔ kuwa ya tsaya inda yake. Canza ruwan da D₂O: τΔ ya miƙe kusan ninki ashirin, τT bai damu ba. Duk lokacin da ya motsa da oksijin na rini ne, wanda ya motsa da D₂O na singilet ne. Ka ƙara da gwaji biyu don tabbatar da cewa hasken ma na singilet ne. Hura argon ko naitirojin har oksijin ya fita, siginar ta ɓace. Sauya matacin zuwa wajen 1200 ko sama da 1330, nan ma ta kusan ɓacewa, domin hasken singilet siriri ne a kewayen 1270, hasken rini kuwa shimfiɗaɗɗe ne. Ni a ganina, awon da ba a yi masa waɗannan gwaje-gwajen ba bai kammala ba, komai kyan layinsa. Sannan 'yan ɗaruruwan nanosakan na farko, inda ƙyallin rinin da tartsatsin lezar ke cika na'ura, a cire su daga lissafi.

Idan ka mallaki τ na tsantsar ruwan, auna ƙarfin wani sinadari wajen kashe singilet abu ne mai sauƙi. Ka zuba shi kaɗan-kaɗan, kana auna τ a kowane mataki, ka zana 1/τ a kan yawan sinadarin. Layi miƙaƙƙe zai fito, wanda ake kira zanen Stern–Volmer, gangararsa ita ce kq, wato ma'aunin saurin da sinadarin ke kashe singilet. Ɗauki sodiyam azayid, mai kq wajen 5 × 10⁸ a kowane mola a sakan. A D₂O, 1/τ na farko kusan 14,700 ne a sakan. Zuba milimola 0.1 na azayid ya ƙara 50,000, jimla 64,700, τ ya faɗo daga 68 zuwa kusan mikrosakan 15. Wannan canji ne da ba ya ɓuya. Zuba adadin nan a ruwan yau da kullum, 286,000 ya koma 336,000, τ ya sauko daga 3.5 zuwa 3.0, bambancin da hargitsin na'ura zai iya haɗiyewa. Dalilin da ya sa ake son yin irin wannan awo a D₂O ke nan. Azayid guba ne mai tsanani, yana fitar da iska mai kisa idan ya haɗu da asid, kuma ba a zuba shi a bututun dalma ko tagulla, don haka a riƙe shi da kulawa.

Wannan lissafin yana kuma nuna maka haɗarin gurɓata. Kashi 1 cikin 100 na ruwan yau da kullum a cikin D₂O ya isa ya sauko da τ daga 68 zuwa wajen 57, kuma D₂O yana shan danshin iska idan aka bar kwalbarsa a buɗe. Iyakar tsawon ran, iyakar yadda ƙaramin datti ke ɓata shi. Tarihin CCl₄ ya ishe mu misali. A 1972 Merkel da Kearns sun samu mikrosakan 700 a cikinsa. Da aka ci gaba da tsarkake ruwan, ana rage yawan rini da ƙarfin leza, adadin ya yi ta hawa har ya kai gomman milisakan. Oksijin bai canza ba. A irin waɗannan ruwaye, rinin da kansa yana kashe singilet, haka ma abubuwan da lezar ke farfasawa. Shi ya sa ake auna τ a ƙarfin leza daban-daban da yawan rini daban-daban, a ja layin zuwa sifili. Idan τ yana raguwa yayin da kake ƙara ƙarfin bugu, kai ne kake kashe abin da kake aunawa.

Akwai abin da wannan kq ba ya bambancewa. Wani sinadarin yana karɓar kuzarin ya mayar da shi zafi, ya fito lafiya, a shirye ya sake. Wani kuma haɗuwa yake yi da oksijin ya lalace. Beta-karotin, wanda Foote da Denny suka nuna ƙarfinsa a 1968, yana cikin kashi na farko, da kq da ya kai wajen 10¹⁰ a kowane mola a sakan, wato kusan duk karo yana cin nasara. Laikofin ya ɗara shi, kamar yadda Di Mascio da Kaiser da Sies suka auna a 1989. Histidin da metiyonin na jikin furotin kuwa yawanci haɗuwa suke yi su lalace. Awon haske jimlar hanyoyin biyu yake ba ka. Don raba su sai ka auna, a gwaji daban, nawa ne daga sinadarin ko daga oksijin ya ƙare.

A cikin iska salon ya bambanta, domin lokutan sun fi tsawo. Tsohuwar hanya ita ce bututu mai gudana. Ana tura oksijin ta cikin tartsatsin maikurowef na megahaz 2450, wani kaso ya zama singilet, a bi da shi ta kan oksayid na zaiba don kawar da ɗaiɗaikun atom na oksijin, sannan ya bi dogon bututun gilashi da saurin da aka sani. In iskar tana tafiyar mita 10 a sakan, kowane santimita milisakan guda ne, sai nisa ya zama agogo. Ana matsar da na'urar gano haske a tsawon bututun, da iskar da ake gwadawa da kuma babu ita, don a cire asarar da bango ke jawowa. Wasu suna bin jan hasken 634 da ke fita idan ƙwayoyin singilet biyu suka yi karo suka saki kuzarinsu a foton guda, hasken da Khan da Kasha suka nazarta a 1963 daga haɗin haidirojin feroksayid da haifokulorayit. Yana da sauƙin gani, amma ƙarfinsa yana bin yawan singilet ninki kansa ne, don haka yana dusashewa da saurin da ya ninka na ainihi sau biyu. Daga irin waɗannan awo aka san cewa O₂ na yau da kullum yana kashe matakin ƙasa da saurin kusan 1.6 × 10⁻¹⁸ santimita kubik ga ƙwaya a sakan, naitirojin kuwa kusan ba ya taɓa shi. Ka ninka da yawan O₂ a iskar da muke shaƙa, kusan 5 × 10¹⁸ a santimita kubik, za ka samu tsawon rai wajen kashi ɗaya cikin goma na sakan. Matakin sama labarinsa daban: tururin ruwa yana kashe shi da saurin da ya fi wancan ninki miliyoyi, har ɗan danshi ya isa ya mayar da ransa kusan mikrosakan guda.

Minti 75 ɗin kuwa ba zama aka yi da agogo ana jira ba. Babu kwalbar da za ta riƙe ƙwayar tsawon haka ba tare da bango ko wata ƙwaya ta ƙwace kuzarin ba. Ta bayan gida aka bi: Einstein ya nuna cewa ƙarfin shan haske da saurin fitar da shi a ɗaure suke da juna, saboda haka in ka auna yadda O₂ ke shan hasken 1270 a doguwar hanya, ka lissafa ɗayan. Badger da abokan aikinsa sun samu kusan minti 65 a 1965. A shekarun 1990 an yi gardama, wasu suna ganin ya fi haka tsawo sosai, har sababbin awo na ƙarshen shekarun suka tsaya a kusan 2.2 × 10⁻⁴ a sakan, wato minti 75. Gardamar tana da dalili. A saman sararin samaniya hasken rana yana fasa ozon, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na fashewar a zangon da ya fi ƙarfi tana haifar da oksijin singilet. Taurarin ɗan'adam, irin su na'urar SABER da ke kan TIMED wanda aka harba a 2001, suna auna hasken 1270 su lissafa yawan ozon daga gare shi. A ƙasa da kilomita 70 zuwa 80 karo ne ke rinjaye, a sama da haka iska ta yi sirara har haske ya rinjaya. Kuskure a ɗayan saurin biyu kai tsaye yake shiga lissafin ozon.

Inda aka fi jayayya shi ne cikin ƙwayar halitta mai rai, kuma nan ne abin ya shafi lafiyar mutane, domin maganin wasu cututtukan daji da na fata ta hanyar rini da haske ya dogara da singilet. A tsantsar ruwa, cikin mikrosakan 3.5 ƙwayar tana yawon kusan nanomita 200. A 1991 Moan da Berg sun ƙiyasta, ta hanyar da ba ta kai tsaye ba, cewa a cikin ƙwayar halitta ranta bai wuce mikrosakan 0.01 zuwa 0.04 ba, nisanta nanomita 10 zuwa 20. A 2005 rukunin Peter Ogilby a Aarhus ta ƙasar Denmak ya auna hasken daga ƙwayar halitta guda ya samu abin da ke nuna kusan mikrosakan 3. Ƙwayar halitta ba ruwa ɗaya ba ce. Akwai fatar mai, akwai cunkoson furotin, oksijin yana ƙarewa yayin da ake haskawa, ƙwayar kuma tana lalacewa a ƙarƙashin hasken da ake auna ta da shi. Matsalar musanyar τT da τΔ ta fi tsanani a nan. Idan ka ga adadi na cikin ƙwayar halitta, ka fara tambayar inda rinin ya zauna da kuma yadda aka raba lokutan biyu.

Game da ɗakin gwajinku, lezar rabin aikin ce, sauran rabin na'urar infirared ce da matatanta. In kuna da ita, kada ku fara da ruwa. Ku fara da fenalenon a toluwin ko asetonaitiril, inda siginar ke da ƙarfi kuma an san amsar. Idan kun samu kusa da 30 ko 80, kayanku lafiya suke. Daga nan D₂O, sannan azayid a cikinsa don ku ga layin Stern–Volmer ya miƙe, ruwan yau da kullum a ƙarshe. Kowa ya sa tabarau na leza da ya dace da zangon, har da na 1064 da ba a gani. A kowane awo ku rubuta zafin ɗakin, da yawan rini, da ƙarfin bugu, da ko iskar ɗaki ce ko tsantsar oksijin, don ba tare da su ba wani ba zai iya kwatanta adadinku da nasa ba.

In kuma babu na'urar infirared, hanyar Merkel da Kearns tana nan. Ana zuba sinadarin DPBF, mai launin ɗorawa da ke shan haske a wajen nanomita 410, wanda singilet ke cinyewa da sauri. Bayan bugun leza sai a bi yadda launin ke kodewa a kan lokaci da fitila da na'urar gano haske ta yau da kullum. Saurin kodewar shi ne 1/τ haɗe da abin da DPBF ɗin kansa ya ƙara, don haka ana maimaitawa da yawansa daban-daban a ja layin zuwa sifili. DPBF ba ya narkewa a ruwa, sai a metanol ko makamancinsa, ga ruwa akwai dangin antirasin masu narkewa. Haske kaɗai yana kodar da shi, wasu sinadarai masu kuzari ban da singilet ma suna cin sa, saboda haka a haɗa shi sabo, a ajiye shi cikin duhu, a rage hasken fitilar awo iya yiwuwa, kuma a yi gwajin argon da na azayid a nan ma kafin a danganta kodewar ga singilet.